Jiran Gawon Shanu: Mai Neman Shugabanci Da Ya Ƙi Faɗin Matsayinsa

Jawabin da aka gabatar wa dattawa da membobin ikkilisiyoyinmu na yankin Tambuwal da Kebbe, a zaman zumunta da aka yi a Dogon Daji.

 Mun gode wa Ubangiji da ya kawo kowa lafiya, musamman waɗanda suka taso daga ƙauyukan Kebbe tun da asuba, domin mun san halin da hanya take ciki.

Dattawa sun ba mu wannan lokaci domin mu yi magana a kan wani abu da yake ta dawowa cikin hirarmu bayan sujada. Duk lokacin da zaɓe ya kusato, sai a sami wani babban mutum da ake ta raɗe-raɗin zai nemi kujerar shugaban ƙasa. A tambaye shi, ya ce yana tuntuɓar jama'a. Wata ya wuce, ya ce yana kan addu'a. Wani watan ya shigo, sai a ga hotunansa a bango da jikin motoci, amma shi bai ce uffan ba. Magoya bayansa su gaji, masu adawa da shi su gaji, mu da muke gefe mu ma mu gaji. Yanzu da aka fara kaɗa gangar zaɓen 2027, ya dace mu zauna mu duba wannan al'amari da idon basira, domin ba baƙonmu ba ne. A nan mazaɓarmu muka gan shi da idonmu, kuma gani ya kori ji.

Abin da muka gani a gida

Kowa a nan ya san Alhaji Aminu Waziri Tambuwal. Tun 2003 ya fara wakiltar mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma a watan Yuni na 2011 ya zama Kakakin Majalisar, da ƙuri'u 252, ba tare da yardar shugabannin jam'iyyarsa ta PDP ba. Mun ambaci sunansa ne ba don mu ci mutuncinsa ba. Ɗan wannan ƙasa ne, kuma abin da za mu faɗa duk a bainar jama'a ya faru.

A watan Nuwamba na 2013, Gwamna Aliyu Magatakarda Wamakko ya bar PDP ya shiga APC tare da wasu gwamnoni huɗu. Daga wannan lokaci mutane suka zuba ido su ga ina Kakakin Majalisa zai dosa. Zai bi gwamnansa ne ko zai tsaya? Zai nemi shugaban ƙasa ne, ko gwamna, ko zai koma majalisa? Aka shafe wata goma sha ɗaya ana wannan tambaya a tasha da kasuwa da majalisun shayi. Sai ranar 28 ga Oktoba 2014 ya sanar a zauren majalisa cewa ya koma APC. Bayan kwana biyu aka janye masa 'yan sandan da ke tsaronsa. A tsakiyar Nuwamba abokansa na majalisa suka haɗa kuɗi suka saya masa fom na takarar shugaban ƙasa, wanda a lokacin naira miliyan 27 da rabi ne. Matasan wannan yanki suka yi murna, wasu har sun fara lissafin cewa kudancin Sakkwato zai sake ba ƙasa shugaba. Cikin 'yan kwanaki ya fito ya ce ya jingine wannan buri, ya juya ga takarar gwamna, wadda ya ci a watan Afrilu na 2015.

A 2018 ma an sake jira. Ranar 1 ga Agusta ya koma PDP, wata biyu kacal kafin zaɓen fid da gwani na jam'iyyar da aka yi a Fatakwal a watan Oktoba. A can Atiku Abubakar ya sami ƙuri'u 1,532, shi kuma ya zo na biyu da 693. Kafin nan Manir Ɗan'iya ya riƙe tikitin gwamna na jam'iyyar a jiha, daga baya ya sauka ya bar masa, shi ya zama mataimaki. A 2022 kuwa, ya yi yawon neman goyon baya a jihohi, ya isa har zauren taron jam'iyya a Abuja ranar 28 ga Mayu, sannan a daren nan, kafin a fara jefa ƙuri'a, ya janye ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. A 2023 ya zama sanatan Sakkwato ta Kudu.

Sau uku ke nan cikin shekara takwas. Mai yiwuwa yana da dalilansa masu ƙarfi kowane karo, kuma ba mu ne za mu shari'anta zuciyar mutum ba. Amma mun san abin da mutanen ƙasa suka ji: sun yi ta jira, sun yi ta gardama da juna, kuma a ƙarshe a wani ɗaki da ba su shiga ba aka yanke shawara.

Ba shi kaɗai ba ne

Kada wani ya ɗauka wannan halin mutum ɗaya ne. Janar Ibrahim Babangida ya karɓi fom na PDP a ƙarshen 2006 bayan an daɗe ana jita-jita, ya janye kafin zaɓen fid da gwani wanda Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ci. Shugaba Goodluck Jonathan a 2010 ya bar ƙasa cikin muhawarar karɓa-karɓa wata da watanni kafin ya sanar da takararsa ta Facebook a watan Satumba. A 2014 ma sai ranar 11 ga Nuwamba ya bayyana, alhali ƙungiyoyi sun daɗe suna yi masa gangami a shiyyoyin ƙasa. A watan Mayu na 2022 wata ƙungiya ta saya masa fom na APC a kan naira miliyan 100, kakakinsa ya ce ba da izininsa aka saya ba, amma maganar ba ta mutu ba sai da aka yi zaɓen fid da gwani babu shi.

Har a Amurka an taɓa yi. Gwamnan jihar New York, Mario Cuomo, ya bar 'yan jam'iyyarsa suna jira a 1991, har ranar 20 ga Disamba, ranar da za a rufe karɓar sunaye a jihar New Hampshire. Jirgi yana tsaye yana jiransa, sai ya fito ya ce ba zai tsaya ba saboda kasafin kuɗin jiharsa bai kammala ba. Bill Clinton ne ya ci tikitin, ya kuma ci zaɓen 1992.

Me ya sa suke jinkiri?

'Yan'uwa, ruwa ba ya tsami banza. Idan mun gane dalilin jinkirin, ba za a riƙa wasa da hankalinmu ba.

Na farko, kuɗi. A 2022 fom kaɗai naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP, kuma wannan somin taɓi ne. Da zarar mutum ya ce ya fito, ƙofar gidansa ta zama kasuwa. Duk ranar da ya jinkirta, ya rage wa kansa ɗawainiya.

Na biyu, tsoron rasa kujerar da ke hannu. Mutum ba zai tsaya takarar kujeru biyu a zaɓe guda ba, to sai ya riƙe ɗaya da hannun wani amintacce, ya je ya gwada sa'arsa a babbar. Iyayenmu sun ce taura biyu ba ta taunuwa, amma 'yan siyasa sun gano dabarar ajiye ɗaya a aljihun aboki.

Na uku, ba mu ne muke fid da ɗan takara ba. A zaɓen fid da gwani na PDP a 2022, wakilai ba su kai dubu ɗaya ba: Atiku ya ci da ƙuri'u 371, Nyesom Wike ya sami 237. Waɗannan wakilai kuwa yawanci suna bin umarnin gwamnoninsu. Saboda haka idan ɗan siyasa ya ce yana tuntuɓar jama'a, mu sani cewa jama'ar da yake nufi ba su cika mota goma ba.

Na huɗu, lissafin tsarin mulki. Ba a zama shugaban Nijeriya da yawan ƙuri'a kaɗai, sai an sami kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'un aƙalla jihohi 24. Dole mutum ya ƙulla yarjejeniya da mutanen wasu shiyyoyi, ya san wa zai ɗauka mataimaki, daga ina, kuma wane addini. Wannan yana cin lokaci.

Na biyar, shirun kansa haja ne. Wanda bai ce zai tsaya ba, bai kuma ce ya fasa ba, kowane ɓangare yana zawarcinsa. Farashinsa yana hawa muddin yana shiru.

Adalci ga masu jinkiri

Kada mu yi rashin adalci. Ba duk jinkiri ne yaudara ba. Marigayi Alhaji Shehu Shagari, wanda garinsa yake nan kan hanyarmu ta zuwa Sakkwato, kujerar sanata ya so a 1978. Abokan siyasarsa na NPN ne suka matsa masa ya nemi shugabanci, ya amince, ya zama shugaban ƙasa a ranar 1 ga Oktoba 1979. Mutumin da yake jin nauyin mulki har ya ja da baya ya fi mana wanda yake rawar jiki a kansa. A ikkilisiya ma mun sani, wanda ya fi kowa zumuɗin zama dattijo ba kullum shi ne ya fi cancanta ba.

To yaya za mu bambanta mai tunani da mai ciniki? Mai tunani yakan faɗi abin da yake jira da ranar da zai ba da amsa, ya kuma ci gaba da aikin da aka zaɓe shi ya yi. Mai ciniki kuwa bakinsa yana cewa bai yanke shawara ba, amma hotunansa suna fitowa sababbi kowane mako, kuma babu mai faɗin wanda yake biyan kuɗin bugawa.

Abin da jinkirin yake ci mana

Wani zai ce, ina ruwan ƙaramar ikkilisiya a Dogon Daji da wanda zai zauna a Abuja? Ruwanmu ne, ga kuma dalili.

Mu tsiraru ne a nan. Mai yawan jama'a ko a daren zaɓe aka je masa za a saurare shi. Mu kuwa muna buƙatar lokaci kafin a ji kukanmu: lokacin rubuta buƙatunmu, lokacin neman ganin ɗan takara, lokacin jin amsarsa da auna ta. Idan mutum ya ɓata wata goma yana shiru, sannan ya fito saura mako shida, ba zai sami sararin zama da irinmu ba. Sai dai ya aiko wakili da buhun shinkafa da atamfa ga zumuntar mata, a ɗauki hoto, a tafi. Maganar filin gina majami'a da takardunsa, maganar makabarta, maganar malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, maganar takardar shaidar ƙaramar hukuma ga 'ya'yanmu da aka haifa a nan, duk babu wanda ya tambaye su.

Sa'annan idan babba bai tsaya wuri ɗaya ba, na ƙasa da shi ma ba su tsayawa. Mai neman majalisar jiha yana jiran mai neman majalisar tarayya, shi kuma yana jiran gwamna, gwamna yana jiran Abuja. Kansila ma ba ya iya gaya maka jam'iyyar da zai kwana cikinta gobe. A irin wannan lokaci aiki yakan tsaya. Manomin da 'yan bindiga suka hana shi zuwa gona a ƙasar Kebbe ba zai iya jingine yunwarsa sai an gama tuntuɓa ba.

Akwai kuma abin da ya fi mana ciwo. Ranar 12 ga Mayu 2022 aka kashe ɗalibar nan Deborah Samuel a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a Sakkwato, ana saura kwana goma sha shida zaɓen fid da gwani na PDP. Gwamnatin jiha ta rufe makarantar, ta kuma sa dokar hana fita a birnin bayan zanga-zanga. A shafin Atiku Abubakar an fitar da saƙon Allah wadai, ba a jima ba aka goge, ya ce an sa shi ba da amincewarsa ba. Darasin da muka ɗauka shi ne, a lokacin da 'yan siyasa suke auna kowace kalma da ma'aunin ƙuri'a, maganar tsiraru ce take fara faɗuwa ƙasa. Iyakar tsawon wannan lokaci na auna-auna, iyakar tsawon zamanmu babu mai magana dominmu.

Kuma dogon jira yana haifar da jita-jita, jita-jita kuma tana kunna wuta. Ba mu manta da Afrilu na 2011 ba, lokacin da rikicin bayan zaɓe ya ci rayuka fiye da 800 a jihohin arewa goma sha biyu, bisa ƙididdigar ƙungiyar Human Rights Watch, Kirista da Musulmi duka. Muhawarar wa ya kamata ya tsaya da wa bai kamata ba, wadda aka ja tun 2010, ta taimaka wajen dafa zukatan mutane.

Na ƙarshe, yana raba mu a cikin gida. Mun ga dattawa biyu da suka yi shekaru suna zama benci ɗaya sun daina gaisawa, saboda mutumin da daga baya bai ma tsaya takara ba. Mun ga matasanmu an kwashe su a mota, an ba su riga da ɗan abin sayen abinci, su je su ɗaga kwalaye suna roƙon wani ya fito. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Me za mu yi?

Fushi kaɗai ba zai amfane mu ba. Ba mu da ikon tilasta wa kowa ya buɗe baki, amma muna da ikon daina zaman jiran gawon shanu. Ga shawarwarinmu, dattawa su duba su gyara.

Ɗaya. Kowane baligi ya mallaki katin zaɓe, ya kuma san rumfarsa. Wanda ya ƙaura daga Zuru ko Jos ko Kaduna ko kudu ya zauna a nan, ya nemi hukumar zaɓe ta mayar masa da rajistarsa nan. Kada kowa ya ce mu kaɗan ne. A zaɓen gwamna na 2019, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna a watan Maris, Tambuwal ya sami ƙuri'u 512,002, Ahmed Aliyu ya sami 511,660. Bambancin 342 ne a jihar Sakkwato gaba ɗaya. Ku duba mutanen da ke zaune a nan yau, ku ƙara da waɗanda muka baro a gida, ku yi lissafi da kanku.

Biyu. Mu rubuta buƙatunmu tun yanzu, a takarda ɗaya, da sa hannun dukan ɗarikunmu, kada su wuce biyar ko shida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda ya fito, ko wace jam'iyya ce, takardar nan ɗaya zai tarar. Ta haka shirinmu bai rataya a kan shawarar mutum ɗaya ba.

Uku. Kada ikkilisiya ko zumunta ta shiga sahun masu roƙon wani ya fito takara. Wanda yake son ya shugabanci mutane fiye da miliyan 200 ya kamata ya iya faɗin haka da bakinsa. Kada a ari sunanmu a je a yi ciniki da shi. Kowane memba yana da 'yancin shiga jam'iyyar da ya ga dama, muna ma ƙarfafa matasa masu hankali su shiga tun daga matakin gunduma, domin a can ake fid da wakilai. Amma su je da sunansu, ba da sunan ikkilisiya ba.

Huɗu. Mumbari ba dandalin kamfe ba ne. Idan ɗan siyasa ya kawo ziyara, a karɓe shi da mutunci, a zauna da shi bayan sujada a gaban dattawa, a karanta masa takardarmu, a rubuta amsarsa. Idan ya kawo kyauta, a sanar da jama'a a fili, a shigar da ita littafin ma'aji, kada ta kwana a aljihun kowa.

Biyar. Mu tambayi wakilan masu jinkiri tambaya guda: yaushe? Idan sun ce ana tuntuɓa, mu ce madalla, to yaushe za a tuntuɓe mu? Mu ma mu sa wa kanmu wa'adi. Wanda bai bayyana ba har lokacin da muka gama sauraron sauran, kada mu riƙe masa wuri a zuciyarmu.

Shida. Mu riƙe maƙwabtanmu Musulmi da kyau. Yawancin abin da ke cikin takardarmu, tsaro, taki, hanya, asibiti, ruwan sha, su ma shi ne kukansu, kuma gajiyar da muke ji da wannan jira su ma suna jinta. Mu riƙa kai gaisuwa ga hakimai da masu unguwanni da limamai tun ana zaman lafiya, ba sai ƙura ta tashi ba. Ɗan takara zai zo ya wuce, maƙwabci yana nan.

Bakwai. Mu kame bakinmu da wayoyinmu. Labarin da ba mu tabbatar ba, kada mu tura wa kowa. Iyaye mata, ku ja kunnen yara a kan wannan.

Kammalawa

'Yan'uwa ƙaunatattu, mu mutanen gona ne. Manomi ba ya zama ya naɗe hannu don hadari ya haɗu bai zuba ba. Yakan share gonarsa, ya gyara kalmensa, ya tanadi irinsa, domin ranar da ruwa ya sauka ya same shi a shirye. Idan wannan hadarin ya watse, wani zai taso. Haka za mu yi da manyanmu masu jinkiri. Za mu ci gaba da yi musu addu'a kamar yadda muke yi wa dukan masu mulki, za mu ba su girmansu, amma ba za mu bar gonarmu ta yi ciyawa muna kallon sama ba.

Muna roƙon dattawa su zaɓi mutum biyu daga kowace ikkilisiya, namiji da mace, su haɗu kafin zamanmu na gaba su kawo mana daftarin takardar buƙatun nan, sakatarori kuma su kawo adadin membobin da ba su da katin zaɓe. Ubangiji ya ba ƙasarmu shugabanni masu tsoronsa, ya kiyaye Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.